Tokar Ya Zainaba

Abakar dillalin shanu ne, ɗan dillalin shanu, jikan makiyayi. Ɗaga masa leɓen saniya ka gani, zai gaya maka shekarunta, ya ƙara maka da rijiyar da ta sha ruwa ta ƙarshe. Ƙasa kuwa, iyakar saninsa da ita shi ne a kanta shanu suke tsayawa. Da aka rufe kasuwar shanu a Maiduguri, bisa zargin cewa dabbobin da yaran daji, wato 'yan tada ƙayar baya, suka kwaso ne ake shigowa da su, Abakar ya shafe watanni yana zura babbar riga kowace safiya, ya fito ƙofar gidansa a unguwar Limanti, ya zauna a benci yana auna awakin maƙwabta da ido. Ranar da bencin ya gundure shi sai ya tuna da wani fili da mahaifinsa ya bari a Dusuman, can bayan gari, wanda ba a taɓa sa masa fartanya ba.

Shekarar farko masara ya shuka. Ya je shagon Baba Dzarma, wani dattijo mutumin kudancin Borno da ya gama aikin malamin gona ya buɗe shagon iri da magunguna, ya sayi maganin ciyawa. Baba Dzarma ya gwada masa iya abin da zai zuba a tankin feshi, ya maimaita, ya sa shi ma ya maimaita. Abakar ya saurare shi irin sauraron da yake yi wa likitan dabbobi, wato cikin ladabi kuma ba da niyyar bi ba. Duk wanda ya tashi cikin shanu ya san awon da ake rubutawa a jikin kwalba na ɗan maraƙin Turawa ne, bijimin Borno sai an ninka masa. Da ya tsaya a bakin filin ya ƙare masa kallo, ya ga ai wannan ya fi bijimi girma, sai ya ninka, ya ɗan ƙara na albarka. Ciyawa ta mutu murus. Masara, wadda irin wannan magani ba ya damunta, ta yi kyau har abin ya ba da mamaki. Abakar ya dawo benci a matsayin gwani, yana koya wa mutanen da aka haifa a gona yadda ake noma.

Duk wannan a kan idon surukarsa aka yi shi. Ya Zainaba, mahaifiyar matarsa Munawwara, wadda a gida ake kira Ya kawai, ta zo gidan ne tun ranar da aka ƙone ƙauyensu can bayan Mafa, gidaje da rumbuna gaba ɗaya. Mutane sun gudo da tabarmi da tukwane, wasu da akuya a kafaɗa. Ita abin da ta ɗauko wata ƙaramar jarka ce cike da irin wake a cuɗe da toka. Wake ne ƙanana, ja, mai farar cibiya, wanda ke nuna da wuri tun kafin yunwar damina ta kama gida. A hannun uwarta ta gaje shi, uwar a hannun tata uwar. Ta bi sansanonin 'yan gudun hijira tana tambayar mutanen ƙauyensu ko akwai wanda ya fito da shi, babu ko ɗaya. Waɗanda suka ɗauko ma sun dafa a hanya, kuma ba ta ga laifinsu ba. Jarkar nan tana ƙarƙashin gadonta, ko a ranakun da aka kwana da kunu zalla a gidan ba wanda ya yi gigin kallon wajen. Burinta ɗaya ne, ranar da aka ce a koma gida ta koma da wakenta. Sai dai iri ba ya jiran ƙarshen yaƙi. Damina biyu ta wuce yana cikin jarka, in ta uku ta wuce ko an shuka ba zai fito ba.

Tsakanin Abakar da surukarsa kuwa, ladabi ne irin wanda ake ba da labari. Tun da ta zo gidan ya rabu biyu. Kafin ya shigo sai ya yi gyaran murya a zaure, ita kuma ta ja mayafi ta juya fuska bango. Ba ya cin abinci inda za ta ji motsin cokalinsa, ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce baban Amma, da sunan 'yarsa ta fari. Gaisuwa daga nesa, a durƙushe, ido a ƙasa. Duk wata magana da ta wuce gaisuwa ta bakin Munawwara take bi. A shekarar da aka yanke layukan waya a duk faɗin gari ma, wannan layin bai taɓa yankewa ba.

Da damina ta gabato sai aka ba da sanarwa cewa bana ba a yarda kowa ya shuka abin da zai fi mutum tsawo a gefen gari ba. Ba masara, ba dawa, ba gero, don kada a samu wurin ɓuya. Wake da gyaɗa kawai. Washegari Munawwara ta kawo saƙo: Ya tana gaisuwa, ta ga hannun baban Amma yana da albarka, ko zai ba ta ɗan gefe ta zuba wakenta? Abakar ya ji kansa ya yi girma. Ya mayar da amsa cewa ba gefe ba, wuri mafi kyau a gonar, can wajen kwari inda ƙasar ta fi laka, nata ne.

Saura taki. Takin zamani ya zama abin da ake kama mutum da shi a shingen bincike, tun da aka gano yaran daji suna haɗa bam da shi. Ya Zainaba ta aiko cewa kada ya damu, ita a ƙauyensu ba su san buhun gwamnati ba, toka suka sani. Tun daga ranar ta shiga aiki. Ta bi gidajen Limanti ɗaya bayan ɗaya da kwano, ta ƙulla zumunci da masu tuyar ƙosai, ta samu shiga wajen wani mai gasa burodi. Takan dawo fari fat tun daga gira har tafin ƙafa, ta tankaɗe tokar, ta cire gawayi da ƙusoshi, ta ɗura a buhu. Buhuna suka taru a zaure har sai an karkace ake wucewa. Munawwara ta ce tun da suka baro ƙauye ba ta ga uwarta tana waƙa ba sai yanzu.

Abakar ya koma shagon Baba Dzarma, a cewarsa don ya tambayi maganin ƙwari, a gaskiya don ya ba da labarin masarar bara. Cikin labarin ne bakinsa ya suɓuce ya faɗi yawan maganin da ya zuba. Baba Dzarma ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya tambaye shi abin da zai shuka bana. Da ya ji wake ne, kuma da toka, sai ya ce ya je ya ɗebo masa ƙasar gonar. Abakar ya kawo a leda. Dattijon ya zuba a kofi, ya dama da ruwa, ya tsoma wata siririyar takarda, ya jira ta canza launi, ya gwada ta da wasu launuka a jikin kwali.

"Malam Abakar, maganin nan naka bai tafi ko'ina ba," in ji shi. "Rani ya yi tsawo, ba ruwan da zai ruɓar da shi, kai kuma ka zuba na mutum uku. Abin da ya cece ka, ƙasarka tana da laka, kuma tana da ɗan tsami. Muddin tsamin yana nan, laka tana riƙe maganin gam, ba ta sakinsa cikin ruwa, saiwa ba ta samun mai yawa. Wake zai iya lallaɓawa ya wuce. Amma ka san abin da kanwa take yi wa miyar yakuwa?"

"Tana kashe tsami."

"To, toka da kanwa uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar da ka kashe tsamin ƙasar nan, laka za ta buɗe hannu. Ruwan farko zai kwashi maganin ya kai wa waken har baki. Masara ta iya cinsa, wake bai iya ba."

Abakar ya juya maganar zuwa yaren da ya sani. Can ya ce wato kamar bijimi mai faɗa ne a turke, tsamin shi ne igiyar. Baba Dzarma ya ce shi bai san shanu ba, amma in hakan zai sa ya bar tokar a gida, to haka ne.

Ya fito daga shagon cikin damuwa. Ba wai bai yarda ba ne, ya yarda, don ya ga dattijon bai yi ƙoƙarin sayar masa da komai ba. Matsalar ita ce wa zai gaya wa Ya Zainaba. Tokar nan ita ta tsare mata waken daga ƙwari tun daga ƙauye har ƙarƙashin gado. A ce mata yau toka ce za ta kashe shi, kuma surukinta ne ya ce, mutumin da bara ya fara riƙe fartanya? Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma wanda ya faɗi haka bai faɗa wa surukarsa ba.

Sai ya bi layin da aka saba. Ya kira Munawwara ɗaki, ya yi mata bayanin laka da tsami da bijimi da igiya, ya ce ta je ta gaya wa Ya kada ko cokali ɗaya na toka ya taɓa gonar. Munawwara ta dube shi, ta dubi ƙofa, ta tambaye shi ko ya ga hannuwan uwarta yadda suka tsattsage. Ya ce ya gani. Ta tambaya ko shi zai iya gaya wa tasa uwar irin wannan magana. Ya ce Allah ya ji ƙan tasa, shi ya sa ba a tambaye shi ba. Ta tashi ta tafi, ta daɗe, ta dawo ta ce Ya ta ji, ta sa albarka, ta ce kada baban Amma ya sake damun kansa da zancen toka.

Abakar ya yi hamdala, ya yi barci mai daɗi. Abin da bai sani ba shi ne saƙon ya rage nauyi a tsakar gida. Munawwara, wadda a ranta ba ta taɓa jin inda toka ta kashe wani abu ba, ta tsaya a bakin ƙofar uwarta, ta gan ta tana ɗinke bakin buhu tana murmushi, sai maganar guba ta maƙale mata. Abin da ya fito shi ne baban Amma ya ce buhunan suna da yawa, an hana babur, shi kaɗai ne, jigilar za ta yi wuya bana, a bari sai baɗi. Ya Zainaba ta ji tausayin surukinta ƙwarai. Ta ce a ranta bawan Allah, ya ba ta gona, ya ba ta ɗaki, yana ciyar da ita, ga shi nauyin baki ya hana shi cewa bayansa na ciwo.

Abakar ya yi tunanin kwashe buhunan daga zaure ya kai wani wuri. Amma fitar da kayan suruka daga gida, ko da toka ce, daidai yake da nuna mata ƙofa. Ya bar su, yana karkacewa yana wucewa.

Da ruwa ya kama ƙasa suka shuka. Ita ta buɗe jarkar da hannunta, ta ba Munawwara, Munawwara ta ba shi, ya yi bisimilla ya zuba har ƙwayar ƙarshe. Bayan kwana kaɗan aka yi rasuwa cikin tsofaffin abokan kasuwarsa, ya tafi jana'iza da zaman gaisuwa. Munawwara kuma ta tafi suna a Tsohon Maiduguri. Da ya dawo bayan la'asar ya yi gyaran murya ya shiga zaure, sai ya ga ya shige kai tsaye ba tare da ya karkace ba. Zauren fayau, an share, har an yayyafa ruwa.

Ya Zainaba ta samo mata biyu 'yan ƙauyensu daga sansani, suka tsayar da mai keken haya mai ƙafa uku, suka yi sawu-sawu zuwa Dusuman, suka watsa tokar da hannunsu don a hutar da shi. Da Munawwara ta dawo, ta shiga ɗakin uwarta ta fito, ta isar da saƙo ba tare da ta rage komai ba a wannan karon: Ya ta ce a ba baban Amma haƙuri, tokar ba ta isa ba, layukan ƙarshe na wajen iyaka ba su samu ba.

Abakar ya juya zai fita, ya tuna ba a barin kowa ya ƙetare ramin tsaron da ya kewaye gari bayan la'asar. Ko da an bari ma, me zai yi, ya bi gona da tsintsiya? Ya zauna a bakin ƙofa yana kallon gabas, inda hadari ya fara haɗowa. Duk Limanti ana murna ana fitar da bokitai. Shi kaɗai ne a unguwar, wataƙila a duk jihar, yake roƙon Allah ya kai ruwan nan wani gari. Kafin magariba aka sako shi kamar da bakin ƙwarya.

Waken ya fito, kuma ya fito da kyau, kore shar, layi-layi. Abakar ya fara tunanin ko Baba Dzarma tsufa ne ya fara taɓa shi, har ya ji daɗin tunanin. Sai da ganyen da ke biye da na tsiro ya buɗe ya fara shan rana, sannan bakin ganyen ya soma yin rawaya, rawayar ta ci zuwa ciki, gefen ya bushe kamar an kara shi a wuta. Ya tsinko ganye ya kai shago. Baba Dzarma ya juya shi gaba da baya, ya ajiye a kan tebur, bai ce ai na gaya maka ba, wanda hakan ya fi ciwo. Abakar ya tambaya ko in ya jiƙa tsamiya ya zuba, tsamin zai dawo. Dattijon ya ce ko duk tsamiyar kasuwa ya saye ba za ta isa ba, kuma abin da shuka ta riga ta sha ta sha.

Kullum in ya dawo daga gona saƙo na jiransa, Ya tana tambayar wake. Kullum yana mayar da amsa cewa wake yana nan. Wannan ba ƙarya ba ce, yana nan ɗin. Munawwara ta daina haɗa ido da shi, shi ma ya daina haɗa ido da ita, gidan ya zama mutum uku kowa yana kallon ƙasa. Ranar da Ya Zainaba ta lissafa cewa lokacin yaɗo ya yi, ta ce za ta je ta gani da idonta. Suka hau keke, shi a gaba ya matse da direba, su biyu a baya, aka duba katinsu a shinge, suka wuce.

Wajen kwarin ya zama fili fetal. Ko ciyawa babu, maganin ya yi aikinsa tsakani da Allah. Sai 'yan busassun karare tsaye a layi, kowanne inda aka sa shi. Ya Zainaba ta sauka ba ta jira a riƙe ta ba. Ta bi layukan a hankali, tana durƙusawa tana taɓa wannan, ta murje ganyen wancan a tafin hannu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba. Ta ci gaba da tafiya har wajen iyaka, inda 'yan layuka suka rage kore, ba su yi ƙiba ba amma suna raye, har sun fara miƙa hannu, ciyawa ta cakuɗe da su. Ta tsaya daidai inda buhunta na ƙarshe ya ƙare. Ta dubi hagu, ta dubi dama. Ta san wurin, ita ta kaɗe buhun a nan.

Ta juyo. Ba 'yarta ta kalla ba, shi ta kalla, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar ɗaurin aure.

"Baban Amma, ka san toka za ta yi haka?"

"Na sani, Ya."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin shuka."

Munawwara ta fara cewa laifinta ne, ita aka aika, ita ta sauya maganar. Tsohuwar ta ɗaga mata hannu ba tare da ta waiwaya ba.

"Ita 'yata ce, na san bakinta, tun tana ƙarama ba ta iya kai saƙo mai ɗaci ba. Kai gidanka ne, gonarka ce, kai aka gaya wa. Da ka tsaya a tsakar gida ka ce, ke tsohuwa, ajiye tokarki za ki kashe wake, da na yi fushi, na ƙi cin abinci, na gaya wa duk Limanti surukina ba shi da ta ido. Kafin Juma'a na huce. Wannan fa, yaushe zai huce?"

Abakar ya sunkuyar da kai. Baƙin ciki ya cika shi, na waken, da na hannuwanta, da na sanin cewa duk ladabin da yake taƙama da shi kansa ya tsare da shi, ba ita ba.

Ya Zainaba ta gyara ɗaurin zani, ta durƙusa a bakin layin farko na waɗanda suka rage, ta fara cire ciyawa da hannu, a hankali don kada ta motsa saiwa. Abakar ya ɗan tsaya, sannan ya zagaya ɗaya bakin layin ya durƙusa shi ma. Ya kai hannu ya kama wani ɗan tsiro.

"Wannan wake ne," in ji ta, ba ta ko ɗago kai sosai ba. "Cire hannunka."

Ya cire. Ta nuna masa ciyawar da ke kusa da shi da yatsa, ya tumɓuke.